Tsattsewa biyu da bishiya ɗaya: wai me ya tsayar da ni gaban zanen nan?

Sadiq_Gwanzu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah ina da tambaya ga masu ilimin zane a gidan nan, don abin ya kwana biyu yana min yawo a rai. Satin da ya wuce na tsallaka Hong Kong daga Gwanzu kan maganar wasu kaya, na sauka wajen Chungking Mansions inda mutanenmu suka saba sauka. Ranar aka wuni ana ruwa, sai na gangara bakin teku na shiga gidan adana zane-zanensu da ke Tsim Sha Tsui, tafiyar minti kaɗan ce a ƙafa, niyyata kawai in fake. A ciki na ci karo da wani zane na wani mutumin ƙasar Sin mai suna Wu Guanzhong, an rubuta 1981 a jiki. Faɗinsa bai kai mita ɗaya da rabi ba. Ba komai a ciki fa sai doguwar farar katanga, baƙin layin rufi a samanta, ƙofofi baƙaƙe sirara, wata tsohuwar bishiya a gefe, ruwa a ƙasa da inuwar gidan a ciki, sai can sama wasu tsattsewa guda biyu ƙanana da sai ka matso za ka tabbatar tsuntsaye ne. Wlh fiye da rabin takardar ba a taɓa ta da tawada ba. Amma na fi minti ashirin a tsaye a wurin, na tafi na sake dawowa. Tambayata ita ce, me ke cikin zanen nan? Gwaninta ce ta gaske ko dai sanyin wurin ne da fitilun da suka haska shi suka ɗebe ni?

Dan_Kurmi77:
Wa alaikumussalam. Alhaji Sadiq gsky ni na nemo hoton na duba a waya ban ga abin tsayawa ba. Layi huɗu biyar da ɗigo biyu. Masu zanen bayan manyan motoci a nan gida sun fi wannan shan wahala, zaki da dawaki da gashinsu ɗaya bayan ɗaya. Ni a wurina aiki shi ne wanda ka ga gumin mai shi a jiki.

Maman_Hanif:
Ni kuma da na duba sai na ji shiru ya sauko min, irin shirun gidan kakata da hantsi idan kowa ya tafi gona. Ban san komai kan zane ba amma abin da na ji ke nan.

Ummi_Hangzhou:
Yaya Sadiq ba fitila ba ce. Ni a Hangzhou nake karatu, ba zane nake karanta ba amma na ɗauki darasin tawada da buroshi na zango ɗaya, kuma a garin nan shi Wu Guanzhong ya yi makarantar zane. Bari in faɗa wa Dan_Kurmi77 inda gumin yake. Takardar da suke aiki da ita sunanta xuan, a gundumar Jing ta lardin Anhui ake yinta da ɓawon wata bishiya da karan shinkafa. Iri biyu ce, akwai wadda aka shafa wa alif, irin wanda muke sa wa ruwa ya kwanta, ita ba ta shan tawada sosai. Akwai kuma ɗanya, ita kam kana ɗora buroshi ta zuƙe, in hannunka ya tsaya na ƙiftawar ido sai tawadar ta bazu ta zama tabo. Ba gogewa, ba shafe kuskure da wani fenti kamar zanen mai. To ka duba layin rufin nan mai tsawo, a ja shi a miƙe, wani wuri ya yi kauri wani wuri ya sirance, hannu bai yi rawa ba. Ranar farko da malamarmu ta ce mu ja layi ɗaya tak na ɓata takarda goma sha, duk sun yi kumburi a tsakiya inda numfashina ya katse. Ita da ta karɓa, ba ta jingina hannu da tebur ba, daga kafaɗa ta ja, buroshin a tsaye cak.

Dan_Kurmi77:
To na ji, layin da wuya. Amma farin da aka bari fa? Shi ma wuya ce a ƙi yin zane?

Ummi_Hangzhou:
Shi farin suna ma da suna gare shi, liubai, wato barin fari. Ba wurin da aka manta ba ne. A zanen nan farin takarda ɗaya ne ya zama katanga, ya zama sama, ya zama ruwa, baƙin da ke gefensa ne ke gaya wa idonka wanne ne wanne. Ka rufe layin rufin da yatsa a wayarka ka gani, katangar ɓacewa za ta yi.

Malam_Mai_Zayyana:
Assalamu alaikum. Ni tsoho ne a cikinku, ɗana ne ya sa ni a nan, sana'ata rubutun allo da zayyana shekara da shekaru. Maganar 'yata Ummi gaskiya ce ko a wurinmu. Ɗalibi sabon hannu shi ne ke cika allo, ko'ina sai ya sa ado don kar a ce bai iya ba. Wanda hannunsa ya nuna shi ne ya san inda zai ɗaga alƙalami. Abin da nake so in sani, ita tawadar tasu da me ake yi? Tamu dai baƙin tukunya ne ko gawayi da ƙaro, a dafa a tace.

Ummi_Hangzhou:
Baba kusan ɗaya ne da taku. Baƙin hayaƙi ne su ma, na itacen wata bishiya mai ganye kamar allura ko na mai da aka ƙona, sai dai maimakon ƙaro da danƙon fatar dabba suke haɗawa, a busar da ita ta zama sanda. In za a yi aiki sai a ɗiga ruwa a kan wani dutse mai santsi a yi ta goga sandar har ta yi kaurin da ake so. Buroshin kuma da yawa gashin akuya ne. Suna cewa tawada launi biyar gare ta, daga baƙi ƙirin har zuwa toka-toka da kamar ruwa ne zalla, duk daga yawan ruwan da ka sa. Inuwar gidan da Yaya Sadiq ya gani a cikin ruwa, wannan mai tsarman ce.

Malam_Mai_Zayyana:
Ikon Allah. Mu ma in tawada ta yi tsarma cewa muke ta yi ruwa, mu zubar. Su kuma sun mai da ita aiki. Allah ya yi miki albarka.

Bash_Kaduna:
Ku dai faɗi gaskiya, harkar kuɗi ce. Irin wannan zanen na tsattsewa da ya sake yi da fentin mai a 1994 an sayar da shi sama da yuan miliyan 100 a Beijing a 2018. Haka na wani mai zanen Sin, Qi Baishi, gaggafa a kan bishiya, yuan miliyan 425.5 a 2011. In aka gaya maka abu ya kai haka dole ka tsaya minti ashirin kana neman abin da ke ciki.

Sadiq_Gwanzu:
Malam Bash wlh lokacin da na tsaya ban san ko sunan mutumin ba balle kuɗinsa. Yanzu ma a bakinka na fara ji.

Auwal_Tarihi:
Bash ka kawo rabin labari. Ita gaggafar Qi Baishi bayan an buga gwanjon sai aka fara shakkar ko hannunsa ne da gaske, mai sayen ya ƙi biya. Kasuwar cike take da jabu, shi kansa Wu Guanzhong sai da ya je kotu kan wani zane da aka sayar da sunansa alhali ba shi ya yi ba. Amma wanda Alhaji Sadiq ya gani ba na kasuwa ba ne, mai shi ne ya ba gidan kyauta, kamar yadda ya ba Singafo zane 113 a 2008. Kuma mutum ne da ke yayyaga aikinsa da hannunsa in bai gamsu da shi ba, a lokacin da kowace takarda tasa kuɗi ce. Wanda kuɗi ke ja ba ya haka.

Shi Qi Baishi da ka ambata kafinta ne fa asalinsa a ƙauye a Hunan, an haife shi 1864 ya rasu 1957. Yana da wata magana da ta shafi gardamar Dan_Kurmi77 kai tsaye, ya ce daɗin zane yana tsakanin kama da rashin kama, in ya yi kama da yawa neman yardar 'yan kallo ne, in bai yi kama ba sam yaudara ce. To tsattsewar nan a tsakanin suke.

Dan_Kurmi77:
Wannan maganar ta kafintan ta shige ni, ba zan ɓoye ba. Amma har yanzu ina nan kan cewa a ba ni wanda aka zana gashin tsuntsu ɗaya ɗaya.

Auwal_Tarihi:
Ai suna da shi, gongbi ake ce masa, wanda ake bin komai dalla-dalla. Ka nemi zanen tsuntsaye na zamanin sarki Huizong na daular Song, wanda shi kansa mai zane ne, akwai nasa na 1112 na wasu tsuntsaye dangin gauraka suna shawagi a kan rufin fada. Ana ba da labarin ya taɓa gyara wa masu zanen fadarsa cewa ɗawisu in zai hau tudu ƙafar hagu yake fara ɗagawa. Irin kallon ƙurillar da suke yi ke nan. Ɗaya salon kuma xieyi, kamar a ce rubuta nufi, shi ne na Qi Baishi. Ba rashin iya na farkon ne ya kai su na biyun ba.

Abu_Sumayya:
'Yan uwa ina ta karantawa ba wanda ya taɓo abin da ya fi muhimmanci. Zanen abu mai rai fa akwai magana a kansa. Wani mai sana'ar zane ya zo wurin Ibn Abbas, Allah ya ƙara masa yarda, ya gargaɗe shi, sannan ya ce masa in ba makawa to ka zana bishiya da abin da ba shi da rai. Bishiyar da katangar ba matsala, tsuntsayen ne abin dubawa. Ina tunatarwa ne kawai saboda naga ƙanwarmu har darasi ta shiga.

Malam_Mai_Zayyana:
Tunatarwa ta yi kyau Malam, Allah ya saka. Sai dai a ƙara da cewa malamanmu na Malikiyya sun bambanta tsakanin mutum-mutumi mai inuwa wanda gaɓoɓinsa suka cika, shi ne haramun, da zanen da ke shafe a kan takarda ko tufa, wanda suka sa a babin karhanci. Wasu malaman kuma sun tsananta a duka. Kowa ya koma wurin malaminsa ya tambaya, kar mu yanke a nan.

Ummi_Hangzhou:
Na gode Malam Abu_Sumayya, ban ji haushi ba ko kaɗan. Gora da duwatsu muka yi a ajin, da su ake fara koyo dama. Kuma Musulmin ƙasar Sin suna da nasu hanyar, da wannan buroshin da wannan tawadar suke rubutun Larabci salon da ake kira Sini, za ka ga Bismillah a rataye a masallatansu an ja ta kamar reshe. Haji Noor Deen ɗan lardin Shandong ya yi suna a kansa sosai. Baba Mai Zayyana na so a ce kun ga irinsa da idonku.

Hajiya_Binta_Maradi:
Sannunku. Ni tambayata ƙarama ce, me ya sa tsattsewa, me ya sa biyu? Ko dai don cike wuri ne?

Auwal_Tarihi:
Hajiya ba cike wuri ba ne. A wurinsu tsattsewa ita ke dawowa in sanyi ya wuce, ta yi sheƙa a ƙarƙashin rufin gida, kuma suna ɗaukar gidan da ta zaɓa a matsayin gida mai albarka, ba a korarta. Biyu tare kuma miji da mata ne, zaman lafiyar gida. Kusan duk tsuntsu da bishiya a zanensu da abin da ake nufi, wancan dangin gaurakan in aka haɗa shi da bishiyar da ba ta kaɗe ganye, fatan tsawon rai ne ake wa mutum.

Hajiya_Binta_Maradi:
Kamar shamuwa ke nan a wurinmu. Muna yara in muka ganta ta sauka kan tsamiyar ƙofar gida sai mu ruga mu faɗa wa Inna, ta ce to a fara gyaran rufi damina ta kusa. Ba mai jifanta. Yanzu na gane abin da Maman Hanif ta ji. Gidan a rufe yake, ba mutum ko ɗaya, amma tsuntsayen sun nuna da rai a ciki.

Zainab_Fenti:
Na makara amma bari in sa baki, zane na karanta a Zariya. Abin da ba a faɗa ba shi ne zanen nan ba irin na da ba ne, na zamani ne sosai. Wu ya tafi Faransa 1947 ya dawo 1950, ya ga abin da Turawa ke yi da layi da murabba'i, shi da kansa ya kwatanta tsarin katangar nan da aikin Mondrian, mutumin Holan mai zanen layuka a miƙe da a tsaye. A Ningbo ya ga gidan a bakin ruwa ya yi saurin zana shi a littafinsa. In ka cire bishiyar da tsuntsayen abin da zai rage lissafi ne kawai, fari da baƙi, kwance da tsaye, sanyi ƙalau. Bishiyar ce ta karya wannan miƙewar, ita kaɗai ce mai lanƙwasa da kauri da gautsi, tana da nauyi a gefe guda kamar za ta rinjayi takardar. Sai tsattsewar su zo, su ne abu mafi ƙanƙanta kuma su kaɗai ke motsi. Idonka zai bi katanga a hankali, ya hau bishiya, ya tsallaka kan tsuntsayen, ya sake faɗowa kan fari ya fara daga farko. Alhaji Sadiq wannan zagayen ne ya riƙe ka minti ashirin, ni haka na fahimta.

Kuma abin ya tuna min da su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo da suka kafa ƙungiyarsu a Zariya a 1958, su ma tambayar da ke gabansu ke nan, ka koyi na Bature amma ya za ka yi kar ka zama inuwarsa.

Bash_Kaduna:
Anti Zainab to in haka ne ai na Turawa ne ya kwaikwaya, me ya rage na Chana a ciki?

Zainab_Fenti:
Mutanensa ma sun yi masa wannan faɗan. A 1992 ya yi wani rubutu da ya ce buroshi da tawada in aka raba su da hoton da suke ginawa sifili ne, masu riƙon gargajiya suka yi ca a kansa shekaru ana musu. A wannan shekarar ce kuma gidan tarihin Birtaniya da ke Landan ya baje aikinsa, karo na farko da suka yi wa mai zanen Sin da ke raye haka. Ni dai a ganina Mondrian ba zai taɓa sa tsattsewa ba, a nan suka rabu.

Auwal_Tarihi:
Tunda an zo nan dole a ambaci malamin Wu, wato Lin Fengmian, shi ne shugaban farko na makarantar Hangzhou a 1928, kuma in dai tsuntsaye a kan reshe ake magana ni nasa sun fi taɓa ni. Takarda mai kusurwa huɗu daidai yake so, sai ya jera ƙananan tsuntsaye baƙaƙe sun takure a kan rassa, ganye na haske a bayansu, wasu lokutan kuma farare irin balbela a cikin ciyawar fadama. Lokacin juyin al'adu da ya fara a ƙasar Sin 1966, zamanin da aka tsananta wa masu zane da marubuta, don tsoron abin da za a yi masa, da hannunsa ya jiƙa zanukansa a ruwa har suka zama dusa ya zubar a masai. Duk da haka aka ɗaure shi sama da shekara huɗu. Ya koma Hong Kong 1977, ya yi ta sake zana waɗanda ya lalata daga abin da ya tuna har ya rasu 1991. Shi ma Wu an tura shi ƙauye aikin gona, kwandon kwasar taki ya mayar abin jingina allon zanensa. Har mujiya ta jawo wa wani bala'i, Huang Yongyu ya zana ta ido ɗaya a rufe, a 1974 aka ce zagin gwamnati yake. To ku duba 1981, shekara biyar ke nan kacal da wucewar wannan zamanin, mutum ya zauna ya zana gida shiru da tsuntsaye biyu suna dawowa.

Maman_Hanif:
Innalillahi. Ya jiƙa aikin hannunsa da kansa. Wannan ya tsaya min a wuya wlh, na tuna ranar da ruwa ya ci ɗakinmu ya tafi da littattafan mahaifina na shekara talatin, bai yi magana ba kwana biyu.

Dan_Kurmi77:
Allah ya jiƙan na gaba. Na sake buɗe hoton a kwamfutar shago ba a waya ba, na yi abin da Ummi ta ce na rufe rufin da hannu. Gaskiya katangar ta tafi. Na kuma rufe tsuntsayen, sai wurin ya zama kamar gidan da aka yi ƙaura. Ban ce ya fi na sarkin nan mai gauraka ba, shi na nemo shi kuma ya fi min. Amma na janye maganar layi huɗu biyar.

Bash_Kaduna:
Ni ban janye tawa ba. Kyau daban, miliyan 100 daban.

Sadiq_Gwanzu:
Na gode ƙwarai 'yan uwa, na ƙaru fiye da yadda na zata. Abu ɗaya da waya ba za ta nuna muku ba, a gaban zanen in ka matso kusa da gindin bishiyar za ka ga inda buroshin ya fara bushewa, tawadar ta tsattsage farin takarda na leƙowa ta ciki, sak ɓawon tsohuwar bishiya. A nan na fi daɗewa, ba ma kan tsuntsayen ba. Bayanin Anti Zainab ya zauna min, na Hajiya Binta ma haka, amma kamar akwai sauran abin da ban iya faɗa ba har yanzu. In Allah ya kai mu wata mai zuwa zan sake tsallakawa, zan nemi na Lin Fengmian ɗin ma in akwai.

Malam_Mai_Zayyana:
Alhaji in za ka dawo gida dan Allah ka taho min da sandar tawadar nan guda ɗaya da dutsen gogawar, da takardar ko 'yar kaɗan ce, zan biya. Ina so in gwada Bismillah da ita in ga yadda za ta karɓi alƙalamin gamba.

Ummi_Hangzhou:
Yaya Sadiq ka sayo wa Baba mai alif ɗin, ka ce musu shu xuan. Ɗanyar ba za ta jure bakin alƙalami ba, hudewa za ta yi.